Wa zai riƙe karen majinyaci?

Duk wanda ciwo mai tsanani ya kayar, har ya ga likita ya sassauta murya yana yi masa bayani, akwai wani lissafi da yakan yi cikin dare bayan masu jinya sun yi barci. Ɗan kasuwa yakan tuna bashin da yake bi da wanda ake bin sa, da kayan da suka taso daga Lome ba su iso ba. Ma'aikacin gwamnati yakan tuna ginin da bai kai ga rufi ba, da yaran da ke lekol, da takardun fansho da ba su kammala ba. Lissafi ne tsoho, shi ya sa addini ya yi horo da mutum ya rubuta wasiyyarsa tun yana da ƙarfinsa. Amma a Faransa da Ingila da Amurka akwai wata tambaya da ke shiga cikin wannan lissafi, wadda mutumin Maraɗi ko na Tawa zai yi dariya ranar da ya fara jin ta: in na kwanta, wa zai riƙe karena?

Kafin a yi dariyar, ya kamata a san wane irin mutum ne ke tambayar, kuma wane irin kare ne. Mutumin dai galibi tsoho ne ko tsohuwa mai zaman kaɗaici. Abokin zama ya rasu, ƴaƴa sun watse cikin manyan birane, maƙwabci kuwa sai gaisuwar bakin ƙofa. Babu jikoki a tsakar gida, babu almajirin da zai yi sallama, babu dakalin hira bayan la'asar. Mai rai ɗaya tak da ke jiran tashinsa da safe shi ne karen. Shi ko karen, sau da yawa ɗauko shi aka yi daga gidan da ake tara dabbobin da aka yasar, wato ya taɓa rasa gida sau ɗaya. Ciwon maigidansa na nufin zai sake rasawa, kuma a lokacin da ya tsufa, sa'ad da ba mai sha'awar sa.

Gidajen dabbobin da aka yasar

A Faransa wannan aiki ya daɗe. A shekarar 1845 wani likita mai suna Etienne Pariset ya kafa a birnin Paris ƙungiyar kiyaye dabbobi da aka fi sani da SPA, saboda azabar da ake gana wa dawakan da ke jan kaya a titunan birnin. Bayan shekara 5, a 1850, aka yi dokar Grammont, wadda ta tanadi hukunci ga mai azabtar da dabbar gida a bainar jama'a. Ƙungiyar tana da gidaje fiye da 60, kuma a shekarar 2023 kaɗai ta karɓi dabbobi fiye da 44,000, yawancinsu kyanwoyi da karnuka. Ban da ita akwai ƙananan ƙungiyoyi masu yawa a garuruwa da ƙauyuka.

Ga yadda abin yake tafiya. Karen da aka tsinta yana gararamba akan kai shi furiyar, irin wadda aka sani a nan ake kai dabbar da ta yi ɓarna ko motar da aka kama. Doka ta ba mai shi kwana 8 na aiki ya zo ya nema. Ana gane mai shi ne ta wata ƴar ƙwayar lamba da likitan dabbobi ke sawa a ƙarƙashin fatar wuyan karen, wadda ke rubuce cikin kundi na ƙasa baki ɗaya. In kwanakin suka cika ba wanda ya zo, sai a miƙa shi ga wata ƙungiya ta nema masa gida, ko kuma a kashe shi in likitan dabbobi ya ga babu makawa. Mai son ɗauka yakan biya wani abu, ya sa hannu a yarjejeniya. Tun watan Oktoba na 2022 ma sai ya sa hannu a wata takardar alkawari kwana 7 kafin a ba shi dabbar, don kada ya ɗauka cikin zumuɗi ya yasar cikin gajiya. Kwikwiyo ba ya daɗewa a waɗannan gidaje. Wanda ke daɗewa shi ne tsohon kare mai furfura a baki, wanda jama'a ke wucewa ta gaban kejinsa ba su tsayawa.

Amanar wata tsohuwa

Wani saurayi ɗan Damagaram da ya tafi karatu a wani birni na kudancin Faransa ya ga wannan al'amari da idonsa. Ya samu ɗaki a gidan wata tsohuwar malamar makaranta mai shekara 78, bisa irin yarjejeniyar da ake yi a can: ɗalibi ya biya haya kaɗan, ya zama ɗan hira da ɗan aike. Ranar da ya iso ya tarar da kare kwance a tsakiyar falo, saura kaɗan ya ɗauki akwatinsa ya koma. Inda ya tashi kare a waje yake, ba ya taka shimfiɗa. Sai ya ce da ita cikin ladabi, Madam, abu ɗaya yake roƙo, kada karen ya shiga ɗakin da yake salla. Ta ce ta ji, ta kuwa cika alkawari.

Karen ya kai shekara 9. Ta ɗauko shi ne shekara 4 da suka wuce daga hannun wata ƙaramar ƙungiya, bayan an tsince shi ɗaure a jikin turke a gefen babbar hanya, a lokacin hutun zafi da Faransawa ke kwarara bakin teku. Ta sa masa wani suna na Faransanci mai ma'anar Sa'a. In aka ɗaga tsintsiya sai jikinsa ya ɗauki rawa, in ba ta cikin madafa ba ya cin abinci. Saurayin bai taɓa shafa shi ba, shi ma karen bai taɓa matsa masa ba. Haka suka zauna shekara guda, kowa ya san iyakarsa.

A shekara ta biyu likitoci suka gano ciwon daji a hanjin tsohuwar. Suka ce sai an yi mata aiki, ta kwanta makonni, sannan a bi da magani na watanni. Aka sa rana, ta ɗaga. Aka sake sawa, ta sake ɗagawa. Ɗanta guda da ke Kanada ya yi ta faɗa ta tarho, yana zaton tsoron wuƙa take yi. Sai wani dare, suna shan shayi, ta faɗa wa saurayin gaskiya. Ta ce, ɗana, ba aikin ne ke hana ta barci ba. Ta san keji, ta ga yadda Sa'a yake a cikinsa ranar da ta ɗauko shi, kuma ta san karen da ya kai wannan shekaru in ya koma can, a can zai mutu. Ba ta roƙe shi kome ba, ta dai yi shiru tana kallon kofinta.

Washegari ya kira mahaifinsa, wani dattijo mai sayar da yadi a kasuwar Dole, yana tsammanin zai ce masa ina ruwansa da karen Nasara. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye shi wa ya ba shi ɗaki lokacin da bai san kowa ba, wa ya kai shi likita lokacin da sanyin farko ya kayar da shi. Ya ce, to, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya ƙara da cewa ba a ce ya kwana da kare ba, an ce ya ciyar da shi ya shayar da shi, kuma bai san malamin da ya hana wannan ba.

Saurayin ya karɓi riƙon, amma ya gaya mata gaskiya cewa na ɗan lokaci ne, don karatunsa zai ƙare, takardar zamansa ma haka. Daga nan suka shiga shiri kamar masu shirin aurar da ɗiya. Ta rubuta takarda guda: abin da karen ke ci da lokacin cin, maganin gaɓoɓin da yake sha, abin da ke firgita shi, sunan likitansa. Suka kira ƙungiyar da ta ba ta shi, don yarjejeniyar ta ce in riƙo ya gagara a koma wurinta. Ƙungiyar ta ce in akwai mai riƙon ƙwarya ba sai an mai da shi keji ba, za ta nemi gida yana nan inda ya saba. Bayan mako 5 aka samu wani tsohon ma'aikacin gidan waya da matarsa, masu lambu a wani ƙauye kusa, waɗanda nasu tsohon karen bai daɗe da mutuwa ba. Ba a miƙa shi rana ɗaya ba. Da farko suka zo suka yi tattaki da shi, sannan ya wuni a wurinsu, sannan ya kwana, tare da wani tsohon bargonta mai ƙanshin jikinta. Ta ware kuɗin likitansa na shekara 2, aka canza sunan mai shi a kundin ƙasa.

Ita kuwa tun ranar da saurayin ya ce ya karɓa ta yarda aka sa mata rana. Kwana 3 karen ya yi bai ci kome ba bayan an kwantar da ita, a na huɗu ya ci daga kwanon da ɗan Damagaram ya aje masa. Ta rayu wata 7 bayan aikin. Duk lokacin da aka sallamo ta tsakanin magani da magani, mutanen ƙauyen kan kawo mata shi ran Lahadi. Ajali na Allah ne, amma likitocinta ba su ɓoye mata ba cewa wata 2 da ta yi tana ɗage rana ba su taimake ta ba. A nan ne maganar ta wuce ta kare, ta zama ta ran ɗan Adam: mutumin da bai san makomar abin da yake riƙo ba yakan ƙi kwanciya likita har ciwo ya ci ƙarfinsa.

Abin da doka da ƙungiyoyi suka tanada

Hukumomin Faransa sun fara gane haka. A watan Fabrairu na 2015 aka rubuta cikin kundin dokokin zaman jama'a cewa dabbobi halittu ne masu rai masu jin zafi, ko da yake a sauran hukunce-hukunce ana bin su da dokokin dukiya. Dokar 30 ga Nuwamba 2021 ta ƙara hukuncin mai yasar da dabba zuwa ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000, wato sama da miliyan 29 na sefa. Wanda ya kai dabbarsa hannun ƙungiya da kansa bai yi laifi ba, wanda ya ɗaure ta a gefen hanya shi ne mai laifi. Sai dokar 8 ga Afrilu 2024, wadda ta ba tsoffin da ke shiga gidajen kula da tsofaffi damar shiga da dabbarsu, da sharaɗin za su iya biyan buƙatunta kuma a kiyaye tsabta da lafiyar sauran mazauna. Sharaɗin nan shi ne inda gizo ke saƙa, don mai tsananin ciwo shi ne wanda ba zai iya cika shi ba. Ta fuskar gado kuwa, dabba ba ta cin gado a dokar Faransa. Abin da mutum ke iyawa shi ne ya yi wasiyyar wata dukiya ga wani mutum ko wata ƙungiya, da sharaɗin su riƙe dabbar har ƙarshen ranta.

A Ingila wata mata mai suna Averil Jarvis ta kafa ƙungiyar Cinnamon Trust a 1985, don tsofaffi da marasa lafiyar da likita ya yanke ƙauna a kansu. Dubban masu aikin sa kai na ƙungiyar sukan fita da karen wanda ƙafa ta gaza, su kai shi likitan dabbobi, su riƙe shi a gidajensu in an kwantar da mai shi. Wanda ya rubuta dabbarsa tun da wuri, ƙungiyar ta ɗauki alkawarin riƙe ta bayan ransa. Ƙungiyar Dogs Trust, wadda aka kafa a 1891, tana ba da wani kati kyauta da mutum zai sa a aljihu: in ya rasu ko ciwo ya kayar da shi, a kira su su ɗauki karen, kuma ƙa'idarsu ita ce ba su kashe kare mai lafiya.

A Amurka kuwa abin ya samo tushe ne daga annobar Sida. A birnin San Francisco, masu raba wa majinyata abinci kyauta sun lura cewa wasu suna ba karnukansu da kyanwoyinsu rabon da aka ba su, su kwana da yunwa. Mutane ne da dangi suka guje su, dabbar ce kaɗai ba ta ƙyamace su ba. Daga nan aka kafa ƙungiyar PAWS a 1987, don a kai wa dabbar nata abincin, majinyaci ya ci nasa. A dai Amurkar ne aka ga ɗaya gefen, na wuce gona da iri: attajira Leona Helmsley, mai manyan otal-otal a New York, da ta rasu a 2007 ta bar wa karyarta dalar Amurka miliyan 12, ta hana jikokinta biyu kome. A 2008 alƙali ya rage kuɗin zuwa miliyan 2. Irin wannan labari ne ke yawo a duniya, shi ne kuma ke sa a yi wa tsohuwar da ke kuka a kan kare kallon mahaukaciya.

To, a nan gida fa?

Mai karatu zai ce, a ƙasar da yara ke fama da tamowa, ana neman kuɗin magani da ƙyar, wace magana ce ta kare? Gaskiya ne ɗan Adam ne gaba, kuma ba wanda zai nemi a gina wa karnuka gidaje a Yamai alhali majinyata na kwance a baranda. Amma kare yana nan, kuma aiki yake yi. Yana gadin kanti da garka da gidan ma'aikaci, yana bin garken Bafillace, yana gaban mafarauci. A arewacin Tawa, cikin kwarin Azawak, akwai siririn karen nan mai dogayen ƙafafu da makiyaya ke girmamawa, yana kwana kusa da tanti ana ba shi nono. A shekarun 1970 Turawa suka fara kai irinsa Turai, inda har yau ake kiran sa da sunan kwarin.

Malamai ma ba su bar zancen a duhu ba. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau 7 bin umurni ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a shekarar 996, ya taƙaita aje kare ga kiwo da noma da farauta. Amma masu sharhin littafin sun ruwaito cewa shi kansa malamin ya aje kare don gadi lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Imamu Malik ya ga wannan zamani, da zaki zai aje. Kowane ɗalibi kuma ya san labarin mutumin da ya sauka rijiya ya cika takalminsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, aka gafarta masa, da na matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu, aka hukunta ta. Wanda ya aje dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta, kuma ciwo ba ya sauke nauyin, sai dai ya wajabta a nemi wanda zai karɓa.

Ga abin da aka saba gani. Ciwo ya kama maigida, an ɗauke shi zuwa Yamai ko ƙasar waje, iyali sun bi shi, an rufe gida. Maigadi ya yi wata 2 ba albashi ya kama gabansa. Karen da ya yi shekaru yana haushi a bayan ƙofa sai a buɗe masa a ce ya tafi. Haka ake yi ma in an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki daga Tawa zuwa Difa. Karen bai san hanyar neman abinci ba, sai ya bi na bola, a jefe shi, ya ciji yaro. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. In alamun ciwon suka bayyana, da wuya a tashi. Maganinsa a gaba yake: a yi wa karen allura tun yana da mai shi, wanda aka ciza kuma a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi likita nan take. Karen da aka kora shi ne wanda ba mai kai shi allura.

Abin da tsohuwar Faransa ta rasa, a nan yana da yawa: dangi, maƙwabta, yaran unguwa, abokan kasuwa. Sai dai yawan jama'a shi ke sa kowa ya zaci wani zai yi, a wayi gari taron tsintsiya ba shara. Abin da ake buƙata bai kai jikka guda ba. Maigida ya kira mutum ɗaya da sunansa, a gaban shaidu, ya ce in na kwanta kai ne mai karen nan. Ya tambaye shi ko ya yarda, don riƙon dole ba ya ɗorewa. Ya bar karen ya san mutumin tun yanzu, ya nuna masa takardar allura, ya ware ɗan hatsi ko ƴan kuɗi. Haka ma jakin mai amalanke, da dokin da ke turke, da tantabarun da ke bisa soro. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da aka ɗauki mutum a mota zuwa likita ba ranar tuna dabba ba ce.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na likita, ya ba masu jinya haƙuri, ya sa a sauke amana, babba da ƙarama.